Makullin Yaya Isyaku Yana Nan a Aljihuna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Malam Isyaku, wanda mutanen yankinmu, tsakanin Kura da Bunkure, suka fi sani da Mai Makulli. A irin wannan lokaci ya tafi, an gama kwashe shinkafar damina, ana fara sakin ruwan rani. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa sadaka, in ziyarci maƙabarta, in dawo gida in kama bakina. Bana kama bakin ya gagara, saboda hotonsa ya bayyana a bangon gari, a gefen hoton babban ɗansa Habibu, a kan fastar neman kujerar kansila. Masu buga fastar har sun ƙara masa hasken fata, sun goge tabon da ke goshinsa. Mutumin da bai taɓa yarda ya tsaya kusa da ɗan siyasa an ɗauki hoto ba, yau ga shi ana yawon neman ƙuri'a da shi alhali yana kabari. Allah ya jiƙansa, ya kai haske makwancinsa.

Saboda mai karatu na birni, wanda a tire yake ganin tumatir bai san inda ya sha ruwa ba, bari in faɗi yadda gonakinmu suke. Ruwan da muke noman rani da shi daga dam yake tahowa ta babban kanal, sai wani ƙarami ya ɓalle ya shigo wajenmu. A wani wuri da muke kira Mararraba sai ya rabu biyu. Reshe ɗaya yana faɗawa gonakin da ke nan kusa, masu su muke ce wa 'yan kan ruwa. Ɗaya reshen kuwa sai ya yi doguwar tafiya kafin ya iske mu, mu 'yan wutsiya. Ruwa ba ya son wahala, inda ya fi kusa nan yake bi. Idan aka ƙyale shi da son ransa, na kusa za su sha har ya kwanta musu a gona, mu kuma mu yi ta leƙen kanal muna kallon laka tana tsattsagewa.

Shi ya sa tun zamanin iyayenmu manoma da kansu suka haɗu suka sa wani maƙeri a Kura ya yi ƙofar ƙarfe a bakin reshen 'yan kan ruwa, da sarƙa da kwaɗo. Aka yi yarjejeniya, kwana huɗu ƙofa a buɗe, kwana uku a sauke ta ruwa ya wuce wutsiya. Makullin kwaɗon nan shi Yaya Isyaku ya riƙe shekara da shekaru. An danƙa masa ne don gonarsa ɗaya tana kan ruwa, ɗaya tana wutsiya, saboda haka duk ɓangaren da ya cuta, har da kansa a ciki.

Gara in faɗa tun da wuri, kada a ce ina yi wa mamaci kwalliya irin ta masu fasta: Yaya ba mutum ba ne mai daɗin zama. Ga taurin kai, ga baƙar magana, kuma idan ya riƙe ka da laifi sai ka manta ka yi shi, shi bai manta ba. Ya taɓa sauke ƙofa a gaban surukinsa, dattijon yana roƙon a ƙara masa rabin wuni albasarsa ta ƙoshi. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ya miƙe ya datse kwaɗo, ya hau kekensa. Tsawon wata guda matarsa, Yaya Asabe, tana ajiye masa tuwo ba ta ce masa uffan ba.

Akwai wata al'ada tamu da ake kira ranar yashe. Kafin a saki ruwan rani, duk mai gona yakan fito da shebur da lauje a shiga cikin kanal, a sare kacalla, wato doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa, a kwashe lakar da damina ta tara. Idan an gama sai a taru a Mararraba a sha kunu, a maimaita rabon kwanaki a gaban kowa. A duk shekara wannan ce kaɗai ranar da ɗan kan ruwa da ɗan wutsiya suke zama a kan tudu ɗaya, jikinsu da laka iri ɗaya. A kan wannan rana Yaya ya kafa dokarsa, dokar da ba wanda ya ba shi ikon kafawa. Ya ce duk ɗan siyasar da ke da magana a kan ruwa, ya zo ranar yashe ya faɗe ta sau ɗaya kowa ya ji. Wanda ya bi zaure-zaure kuwa, shi dai ba ya cikin masu saurarensa.

A lokacin ni ina ganin wannan tsantsar rigima ce irin ta Yaya. Ina malamin firamare, ina ɗan taɓa noma a gonar gādo da ke wutsiya, ga ƙaiƙayin siyasa yana damuna. Na maƙale wa wani ɗan takarar majalisa, wanda ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye, kuma irinsa sun yi yawan da kama sunan ɗaya zalunci ne. Mu kira shi Honarabul, kamar yadda muka fara kiransa tun bai ci zaɓe ba. Ni ne mai nuna masa hanya a ƙauyukanmu, ni ne mai raɗa masa sunayen dattawa kafin ya fito daga mota, don ya gaishe su kamar tare suka tashi. Abin da nake hange, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, kujerar hedimasta ce a wata makaranta da ke bakin titi.

A shekarar ne 'yan kan ruwa suka fara shinkafar rani gadan-gadan. Shinkafa kuwa ba ta san ƙoshi ba, so take kullum ƙafarta na cikin ruwa. Sai suka fara gunaguni, kwana ukun da ake rufe ƙofa yana ƙona musu shuka, a cire kwaɗon nan kowa ya huta. Mu kuma a wutsiya muka ce idan aka cire shi, to, mu tattara mu tafi ci-rani.

Ranar wata Talata na kai Honarabul wajen 'yan kan ruwa, aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro. Ya ɗaga hannu sama ya ce ruwa na Allah ne, ba a haifi wanda zai sa masa kwaɗo ba, idan ya hau ƙofar nan ta zama tarihi. Aka yi tafi, ni ma na yi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai shi unguwarmu ta wutsiya. Ya dafa ƙirji ya ce kwana ukunmu amana ce ta iyaye, duk mai son taɓa ta sai ya fara taka gawarsa. Aka yi tafi, ni ma na yi, da hannuwan nan biyu da na yi na Talata da su. Ban ji komai a raina ba. Na ɗauka haka ake yi, har ina yaba masa iya magana a cikin mota.

Abin da muka manta shi ne akwai mutum ɗaya mai gona a sama da ƙasa, wanda labarin kowane zaure yake iske shi kafin tabarma ta huce. Yaya ya tare ni a kan hanyar gona, bai ko sauka daga keke ba. Ya ce, "Malam Garba, ka gaya wa maigidanka Asabar mai zuwa ranar yashe ce. Jama'a za su taru, ba sai ya sha wahalar bin gida-gida ba."

Honarabul ya ji an ce taro, ya zo da murna, cikin farar shadda mai ɗaukar ido. Aka kama hannunsa ya hau kan simintin ƙofa. Bai kai ga gama gaisuwa ba sai ga Yaya ya fito daga cikin kanal, laka har cinya, shebur a kafaɗa. Ya yi sallama, ya ce yana da 'yar tambaya.

"Ranka ya daɗe, ranar Talata ka ce wa waɗannan za ka cire ƙofa. Ranar Juma'a ka ce wa waɗancan sai an taka gawarka. Ga su nan duka a zaune. Wacce za mu kai gida?"

Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma Honarabul gwani ne, ko gezau bai yi ba. Ya yi dariya, ya yaba wa Yaya, ya ce irin waɗannan dattawa masu kishi su ƙasa take buƙata. Sannan ya ce idan Allah ya ba shi kujera zai sa a shafe kanal da siminti tun daga Mararraba har gonar ƙarshe, ruwa ya wadata har a rasa abin da za a yi da ƙofa.

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ta uku ce. Ni a kan biyun farko na yi tambaya."

Aka kwashe da dariya, har da 'yan rakiyarsa. Da tatsuniya nake ba ku, da a nan zan ce jama'a sun farga sun juya masa baya. Ina! Honarabul ya lashe akwatunan sama da na ƙasa gaba ɗaya. Na daɗe ina tunanin yadda aka yi haka bayan kowa ya ji da kunnensa, sai daga baya na gane. Kowane ɓangare ya yarda Honarabul ya yi ƙarya, amma kowa ya ɗauka ɗaya ɓangaren aka yi wa. 'Yan kan ruwa suna cewa ai romon baka ya yi wa 'yan wutsiya don ya samu ƙuri'arsu, mu kuma muna ƙyafta wa juna ido muna cewa ya iya lallaɓa mutanen sama. Ba yaudararmu ya yi ba har can, gayyatarmu ya yi mu taya shi yaudarar maƙwabtanmu, muka amsa da rawar jiki.

Sakamakon bai jira damina ba. Da zafi ya tsananta, tumatirinmu yana tsakiyar fure, ranar sauke ƙofa ta zo. Yaya ya datse kwaɗo da safe kamar kullum. Kafin azahar sai ga matasan 'yan kan ruwa da guduma, suna cewa Honarabul ya ce ba mai sa wa ruwan Allah kwaɗo, kuma ga shi ya hau. Yaya ya tsaya a gaban ƙofa shi kaɗai. Da aka fasa kwaɗon aka fizgi sarƙa, sai bakinta ya tashi ya same shi a goshi. Tabon da masu fasta suka goge ke nan.

A ranin nan ruwa bai sake isowa wutsiya da ƙarfin kirki ba. Furen tumatir ya kakkaɓe, alkama ta yi fari ba ta cika ido ba. Maƙwabcina Ayuba, mutumin Filato da ya shekara takwas yana noma a cikinmu, har 'ya'yansa ba su da wani gari sai namu, ya ɗaure kayansa ya tafi, bai sake dawowa ba. Mu goma muka yi mota muka je gidan Honarabul a Kano, muka zauna a bakin ƙofa tun hantsi har la'asar. Da ya fito sai ya ce wannan magana ce ta cikin gida tsakanin manoma, bai kamata ɗan majalisa ya tsoma baki ba. Ya kira ni da sunan wani.

Ana yawan rubuta cewa mamaci bai taɓa cewa ai na gaya maka ba. Nawa yayan ya faɗa, ya kuma maimaita har ƙarshen ransa. Ko a taron suna muka haɗu sai ya ce, "Malam, ina maigidan naka? Ko yana can yana kwaɓa mana siminti?" Rani uku aka yi ana kai ruwa rana kafin dattawa su dawo da rabon kwanaki. Aka sayo sabon kwaɗo, amma 'yan kan ruwa suka ce ba su yarda a mayar wa Isyaku ba, ya cika tsauri. Aka ba wani. Tsohon makullin, wanda kwaɗonsa ya riga ya mutu, shi Yaya ya ci gaba da yawo da shi ɗaure da zare. Bayan rasuwarsa da ake raba tufafinsa aka same shi a aljihun wata tsohuwar riga. Ba wanda ya nuna yana so, sai na ɗauka.

Tun daga lokacin Honarabul ya sauya sheƙa sau uku, kuma kowane karo cewa yake jama'arsa ce ta matsa masa. Ni dai ina cikin jama'ar, ban tuna ranar da aka tambaye ni ba. Wanda ya zaga bara shi yake rungume da shi bana, wanda ya kira uba ya koma maƙiyin talaka. Ban ce mutum ba ya canza ra'ayi ba. Ni kaina na canza, kuma Yaya ma ya taɓa yarda a juya kwanakin rabo da aka nuna masa hujja. Amma wanda ya canza don ya gano kuskure yakan tsaya ya ce da na faɗi kaza, yanzu na ga ba haka ba ne. Su waɗannan ba sa taɓa cewa da. Kullum maganar da ke bakinsu yau ita ce wadda suka ce suna kai tun fil azal, kuma kullum takan zo daidai da abin da mutanen da ke gabansu suke son ji.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga zamanin nan. A lokacinsa mai baki biyu sai ya ƙona mai, ya jira daga Talata zuwa Juma'a. Yanzu manoman sama suna da zaurensu a cikin waya, mu ma muna da namu, ɗan takara yana kishingiɗe a ɗakinsa zai aika wa kowane zaure saƙon murya irin wanda ya dace da shi kafin shayinsa ya huce. Ina jin da Yaya zai fara tsine wa wayar, sannan ya sa a saya masa guda biyu, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa.

Wannan ya kawo ni kan Habibu. A hannuna ya yi firamare, kuma bayan rasuwar mahaifinsa ni na tsaya masa har ya gama karatun aikin gona, ni na karɓa masa aure. Yaro ne mai hankali, manomi na gaske, ba irin masu zuwa gona da takalmi sau-ciki ba. Da ya zo ya ce mini zai nemi kansila na sa masa albarka da zuciya ɗaya. Sai daga baya na ji wanda ya tsayar da shi, ya ɗauki nauyin fasta da motar kamfen. Honarabul ne. Ya tsufa, ya yi tumbi, amma hancinsa bai daina jin ƙanshin ƙuri'a ba, ya san sunan Mai Makulli yana da kasuwa yanzu da mai sunan ba ya nan balle ya yi tambaya.

Rigimar ruwa kuma ta dawo sabuwa. Shinkafar rani ta ƙaru, kacalla ta ƙaru, 'yan kan ruwa suna neman a mayar da rabo kwana biyar da biyu. Kwana biyu ba ya kai ruwa gonata, balle ta waɗanda ke bayana. Ana cikin haka saƙon Habibu ya shigo zaurenmu na wutsiya, muryarsa har tana rawa, yana cewa shi ɗan Mai Makulli ne, kwana uku gādon ubansa ne, jinin mahaifinsa ya zuba a kansa. Na ji daɗi har na sa aka sake kunna mini. Bayan kwana biyu na je duba 'yata da ke aure a cikin 'yan kan ruwa, mijinta ya kunna mini nasu saƙon cikin murna, yana zaton na sani. Muryar dai ita ce. Tana cewa zamani ya canza, rabon da aka yi a zamanin alkama ba zai yi wa zamanin shinkafa ba, idan ya hau za a zauna a duba. Na kasa shan furar da aka kawo mini.

A makon nan ne Yaya Asabe ta aiko in je. Ba ta kama sunan Habibu, ɗan fari ne, sai ta ce, "Ɗanka yana son makullin nan na babansa. Wai zai riƙa ɗagawa a wajen taro."

Na ce, "Makullin da ba ya buɗe komai?"

Ta ce, "To kai me kake yi da shi, Malam? Ko da shi za a binne ka?"

Na yi dariya don wasan da ke tsakaninmu, amma na ga idonta. Mace ce da ta ga mijinta ya dawo gida jini ya rufe masa fuska saboda mutanen da ba su ko zo duba shi ba, yanzu tana son ɗanta ya samu abin da uban bai samu ba. Ban ga laifinta ba. Na ce ta turo mini shi.

Ya zo da yamma, ya durƙusa ya gaishe ni. Na kunna masa saƙon farko, na kunna masa na biyu, wanda na sa aka turo mini. Bai musa ba, wannan na ba shi. Ya ce, "Baffa, ka gane, kamfen ne. Idan na faɗa wa mutanen sama gaskiya yanzu, sun tafi. In ban hau ba, me zan gyara? Baba ya yi gaskiya, me ta ba shi ban da tabo?"

Maganar ta soke ni, don ni ne mutum na ƙarshe da ya cancanci yi wa wani wa'azi a kan tafi biyu. Na ba shi labarin Talata da Juma'a, da rawar da na taka, abin da ban taɓa gaya masa ba. Sannan na ce Asabar ranar yashe ce, ya zo.

Ya zo, kuma ya shiga kanal ya yi aiki, ko da yake na lura akwai mai ɗaukarsa hoto a waya. Da aka zauna shan kunu na miƙe. Na ce, "Habibu, ka aika wa waɗannan cewa za a duba rabo. Ka aika wa waɗancan cewa kwana uku gādo ne. Ga su nan duka. Wacce za mu kai gida?"

Tsofaffin da ke wurin suka gane tambayar, na ji wani ya ja salati. Habibu ya daɗe kansa a sunkuye. Wakilin Honarabul yana gefe yana yi masa alama da ido, ina jin so yake ya kawo zancen siminti. Sai ya ɗago ya ce kwana uku yana nan, ba zai goyi bayan a rage ko wuni ɗaya ba, kuma saƙon da ya aika wa mutanen sama kuskure ne, su yafe masa. Wasu daga cikin 'yan kan ruwa suka miƙe suka kakkaɓe wando suka tafi, har da mijin 'yata, ko sallama bai yi mini ba. 'Yan wutsiya suka ɗauki kabbara. Ni kuwa hawaye ne ya cika mini ido, na ce a raina Yaya bai mutu ba.

Farin cikin nan bai raka ni har gida ba. Ina tafe a kan gaɓar kanal ina kallon sababbin gidajen da suka tsiro a wutsiya cikin shekarun nan, unguwa guda inda da gonar rake ce, sai wani tunani ya faɗo mini. Yanzu masu katin zaɓe sun fi yawa a wutsiya nesa ba kusa ba. Habibu kuwa ni na koya masa lissafi, kuma shi ne na ɗaya a ajin. Shin a shirun nan da ya yi kansa a ƙasa mahaifinsa ya tuna, ko kawuna yake ƙirgawa? Washegari kuma aka ce an ga motarsa a ƙofar gidan babban mai shinkafar 'yan kan ruwa, sun daɗe a zaure. Wataƙila haƙuri ya je bayarwa. Ba na wurin, kuma ba wanda ya turo mini saƙon wannan zaman.

Ga abin da Yaya ya bar mini, kuma ban sani ba ko in gode masa. Ƙofar da ya tsare an sake ta, kwaɗon wani ne, gonakinsa an raba. Abin da ya rage shi ne tambayar nan tasa, da kunnen da ba ya jin magana mai daɗi sai ya nemi 'yar'uwarta da aka faɗa a wani zauren. Gādo ne mai nauyi. Ya hana ni yin murna da ɗan ɗan'uwana wuni ɗaya cikakke, ya sa 'yata tana tsakanin miji da uba, ya sa Yaya Asabe ta koma ajiye mini ruwa ba tare da wasa ba. Amma na taɓa gwada ɗaya hanyar, ta saurin yarda da saurin tafi, na kuma ga inda ta kai tumatirina da maƙwabcina Ayuba.

Da Habibu ya dawo karɓar makulli, yana ganin ya ci jarrabawa, na ce masa da sauran. Ƙuri'ata zan ba shi, don abin da ya faɗa ya faɗe shi a gaban kowa, kuma ko uban nasa iyakar abin da ya nema ke nan. Makulli kuwa sai bayan zaɓe. Idan zafi ya tsananta, tumatir yana fure, shinkafar manya tana jin ƙishi, ranar sauke ƙofa ta zo, ya zo Mararraba ya tsaya inda mahaifinsa ya tsaya. A nan zan ciro shi in ba shi da hannuna. Ya yi murmushi ya ce Baffa ka cika rigima, kamar Baba. Na ce abu ɗaya nake roƙo kafin nan, idan za a sake buga fasta a mayar wa mahaifinsa da tabonsa, don ba a gado ya same shi ba. Ya ce in sha Allahu, wannan ai mai sauƙi ne.

Jiya aka manna sababbi a bangon makarantar da na yi ritaya. Na tsaya na sa tabarau na duba da kyau. Goshin Yaya sumul, ko ɗigo babu. Na sa hannu a aljihu na taɓa makullin, na wuce gona, don yau kwananmu ne na ruwa.